FILIN DARASI: Koya wa Yara Lissafi da Karan Dawa Lokacin Kaka



'Yan'uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa ya sha bamban da wanda kuka saba gani a wannan fili. Yau ba nahawu za mu yi ba, ba kuma sarfu ba. Kara za mu je mu samo, mu zauna a ƙasa tare da ƙannenmu, mu ɓare shi, mu yayyanka, har lissafi ya fito daga cikinsa. Mun san wani zai ce ina ruwan malamin Larabci da lissafi. To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

A karatun yamma da muke yi wa yaran unguwa akwai wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha ɗaya, wanda in aka ce ya kawo jadawalin sau, zai rera shi tun daga sau biyu har sau goma sha biyu bai tsaya haɗiye yawu ba. Wata rana muka rubuta masa a allo: 302 a ɗebe 158. Nan take ya rubuta 256. Abin da ya yi shi ne, a kowane layi ya dubi lambar da ta fi girma ya cire ƙaramar daga cikinta: 2 daga 8 saura 6, sifiri daga 5 saura 5, 1 daga 3 saura 2. Muka ce masa, "Kai yaro, in Mma ta ba ka sidi 302, ka sayo kaya na sidi 158, ai ka kashe fiye da rabi. Yaya za a yi ka komo da 256?" Ya yi shiru kaɗan yana motsa yatsu, ya ce, "144 zan komo da shi, Malam." Muka ce, "To me ya sa ka rubuta 256?" Sai ya ce, "Ai na kasuwa daban, na allo daban."

Wannan amsa ta daɗe tana damunmu. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, kullum yana gefen teburin mahaifiyarsa yana ba da canji, ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Amma a ransa lissafin allo wani abu ne dabam da ake haddacewa, wanda ba ruwansa da hankali. Mu kanmu da hadda muka tashi, ba kuwa za mu raina ta ba. Sai dai lissafi ba ya zama a kan yaro ta hanyar baki kaɗai, sai hannu ya taɓa, ido ya gani. Irin wannan yaro kuwa shi ne gobe zai zauna jarrabawar BECE, wadda aka fara yi a ƙasar nan tun shekarar 1990, kuma lissafi na cikin darussan da ba a tsallake su. In ya samu ya haye, zai sake tarar da shi a WASSCE, inda wanda bai ci lissafi ba ƙofar jami'a ba ta buɗuwa gare shi. Kowannenmu ya san wani a zango wanda a nan karatunsa ya tsaya, alhali ciwon tun daga aji biyu ko uku na firamare ya kama shi.

Kaka da abin da take kawowa

A littattafan Larabci da muke karantarwa, shekara kashi huɗu ce: rabi'u, saifu, kharifu da shita'u, kuma kharifu shi ne muke fassarawa da kaka. (A Sudan kuwa, in mutum ya ce kharif, damina yake nufi.) A ƙasashen Turai wannan lokaci ne ganyayen itatuwa ke sauya launi su zube, shi ya sa a littattafansu za ka ga yara suna tsintar ganye, suna manna shi a takarda, suna ƙirgawa. Mu namu kakar ba ta ganye ba ce, ta kara ce. A wuraren Tamale, Yendi, Bawku, Bolga da Wa, daga watan Oktoba zuwa Nuwamba ake girbin dawa da maiwa, gonaki su cika da kara kafin hunturu ya sauko. Iyayenmu da yayyenmu da shi suka yi mota, da tabarau, da kejin tsuntsu, da gadon 'yar tsana. Ba wanda ya gaya musu lissafi suke yi, amma shi suke yi. Abin da muke so shi ne mu maido da wannan wasa, mu kuma kira kowane abu da sunansa na lissafi.

Kada a shiga gonar mutane a kwashi kara ba izini, domin yana da masu shi: da shi ake danga, da shi mata ke girki, dabbobi kuma na cin ganyensa. A roƙa, runguma ɗaya ta ishi yara goma. A yi hanzari kuma, don da zarar iska ta bushe sai a fara sa wa gonaki wuta. In za a ɗaga tarin kara da ya kwana a ƙasa, a fara motsa shi da sanda, saboda kunama da maciji suna son wurin. A zaɓi wanda ya bushe amma bai yi ƙamas ba, wanda tsutsa ba ta huda ba. In ya bushe ƙwarai har ɓawon na karyewa, a yayyafa masa ruwa a bar shi ɗan lokaci, zai yi laushi.

Kara abu biyu ne. Akwai ɓawo na waje, mai tauri da santsi, wanda in aka tsaga shi siri-siri yake zama tsinke. Akwai kuma totuwa ta ciki, fara, mai taushi, wadda tsinke ke shiga cikinta ba wuya. Duk aikinmu na yau da waɗannan biyun ne, sai zare ko robar ɗauri, da rula, da reza. Reza tana hannun babba kawai. Ɓawon kansa ma yana yanka kamar aska, don haka babba shi zai ɓare, ya kankare gefen, sa'an nan ya miƙa. Yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu kada a bar masa guntun totuwa, don hanci da kunne yake kai ta.

'Yan'uwanmu na Aboabo da Asawase a Kumasi, da na Nima da Mamobi a Ankara, za su ce su ina za su ga karan dawa. Karan masara yana yi, ko da yake bai kai na dawa ƙarfi ba. Tsinken tsintsiyar kwakwa kuwa ya ma fi ɓawon kara daɗin aiki, ga shi a kowane gida. Totuwar tukurwa tana maye gurbin ta dawa. Wanda kuma yake da ɗan'uwa direba mai zuwa arewa, ya roƙe shi ya ɗoro masa dami guda a saman kaya.

Aiki na farko: ƙulli da dami

Wannan shi ne tushe, a kansa za mu fi daɗewa. A sa yara su yanka tsinke masu tsawon ɗan yatsa biyu, da yawa, kamar ɗari huɗu. Aikin yini biyu ne ga yara biyar, kuma kada babba ya yi musu, don ƙirgawar da suke yi suna tarawa ita ma darasi ce. Doka ɗaya ce tak a wannan wasa: duk lokacin da tsinke suka kai goma, dole a ɗaure su su zama ƙulli ɗaya. Duk lokacin da ƙulli suka kai goma, dole a haɗa su a ɗaure su zama dami ɗaya. Ba a yarda a ga tsinke goma a warwatse ba. Sai a zana gida uku a ƙasa da gawayi: na dama gidan tsinke, na tsakiya gidan ƙulli, na hagu gidan dami.

A fara da kiran lamba yaro ya ajiye. In aka ce 43, ya sa ƙulli huɗu da tsinke uku. In aka ce 34, ya sa ƙulli uku da tsinke huɗu. A tambaye shi wanne ya fi yawa, ya ɗaga ya ji a hannunsa. Yaron da ya yi wannan sau ashirin ba zai ƙara cewa 4 ɗin da ke cikin 43 da wanda ke cikin 34 abu ɗaya ba ne. Harshenmu ma yana taimakonmu a nan. Ashirin, talatin, arba'in har zuwa tis'in duk daga Larabci muka aro su, amma kafin su Bahaushe cewa yake gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. A koya wa yaro wannan tsohuwar ƙidaya, domin ita ce ainihin abin da ke gabansa: ƙulli biyu, ƙulli uku, ƙulli huɗu.

Tarawa ba ta da wuya. 27 a tara da 15: ƙulli biyu da tsinke bakwai, a ƙara ƙulli ɗaya da tsinke biyar. Tsinke sun zama goma sha biyu, doka ta hana, sai a ɗaure goma a tura su gidan tsakiya. Ƙulli sun zama huɗu, tsinke biyu, watau 42. Wannan ƙullin da aka tura shi ne ɗan ƙaramin 1 ɗin nan da malamai ke cewa a rubuta a sama a riƙe. Da yawa daga yaranmu suna rubuta shi shekara da shekaru ba su san goma ce ba.

Yanzu mu koma ga tambayar da ta kayar da yaronmu, 302 a ɗebe 158. Ya ajiye dami uku, gidan tsakiya ba kome, tsinke biyu. Muka ce ya ba mu tsinke takwas. Ya duba, biyu gare shi. A allo ya iya juya lambobi ya cire 2 daga 8, amma a ƙasa ba dama, don ba ka ba da abin da ba ka da shi. Ya leƙa gidan ƙulli ya kwance ɗaya, ya tarar wayam. Ya daɗe yana kallo. Mun so mu gaya masa, muka danne, kuma muna roƙon duk wanda zai yi wannan aiki da yara ya koyi danne bakinsa a daidai wannan wuri. Can sai ya miƙa hannu ya kwance dami ɗaya, ƙulli goma suka zubo gidan tsakiya, dami ya rage biyu. Ya ɗauki ƙulli ɗaya ya kwance, ƙulli suka koma tara, tsinke suka zama goma sha biyu. Daga nan sai gangara: takwas daga goma sha biyu saura huɗu, biyar daga tara saura huɗu, ɗaya daga biyu saura ɗaya. 144, daidai da na kasuwa. Wannan 9 ɗin da ke fitowa a kan sifiri, wanda yara ke ɗauka sihiri ne, ga shi ya gan shi da idonsa.

A makaranta ana kiran wannan aro. Mu dai ba mu son kalmar, domin abin da aka ara ana mayarwa, a nan kuwa ba abin da ake mayarwa. Canji ne. Kamar ka ba mai shago takardar sidi goma ya ba ka sidi ɗai-ɗai guda goma, kuɗinka bai ƙaru ba bai ragu ba. Yaran zango sun san canji tun kafin su san alli, saboda haka a yi musu magana da abin da suka sani. Haka nan in tsoho ya ce ashirin ba ɗaya yana nufin 19, ko talatin ba biyu yana nufin 28, a sa yaro ya nuna shi da tsinke: sai ya kwance ƙulli kafin ya cire.

Tun da mun taɓo kuɗi, ga wani abin da manyan yara za su ji daɗinsa. Sunan sidi, wanda aka fara kashewa a 1965, daga kalmar Akan ta wuri ya fito, watau kuɗin da kakanninmu suka yi fatauci da shi, suna ƙirga shi kashi-kashi a ƙasa kamar yadda muke yi da tsinke. A watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin, sidi 10,000 na da ya koma sidi ɗaya, aka yanke sifiri huɗu. Har yau akwai iyayenmu mata da in suka ce miliyan ɗaya, sidi ɗari suke nufi. A sa yaro ya bayyana dalili. In ya iya, to ya gane abin da sifiri ke yi.

Aiki na biyu: allon ƙidaya

In lamba ta yi yawa, ɗaukar dami ya zama wahala, sai a wuce zuwa wannan. A samo gindin kara mai kauri, tsawon taƙi ɗaya, a fere gefe guda don ya zauna, ko kuwa a mulmula yumɓu a yi masa gindi. A kafa tsinke uku masu ƙarfi a tsaye a kansa. Sai a yanka totuwa ƙanana-ƙanana, kaurinsu ɗaya, a huda tsakiyarsu kamar dutsen wuya. Dabarar tana wajen tsawon tsinken: a yanke shi daidai yadda totuwa tara kawai za su shiga, ta goma in aka ɗora sai ta faɗo. Da ta faɗo, yaro ya san lokacin canji ya yi, ya zare taran duka, ya sa ɗaya a tsinken da ke hagu.

Ana iya rina su. Na gidan ɗai-ɗai a bar su farare. Na gidan goma a jiƙa su a ruwan karan dafi, watau jan ganyen nan da iyayenmu mata ke dafa waakye da shi, wanda shi ma ɗan'uwan dawa ne. In aka jefa 'yar kanwa a ruwan, jan ya fi kamawa. Na gidan ɗari kuwa tawadar allo ta ishe su. Yara suna son wannan mataki fiye da kowanne, a bar su su ɓata hannu. Amma bayan mako biyu ko uku a kawar da masu launi a ba su farare zalla. Dalili kuwa, in aka daɗe, yaro zai ɗauka jan launi ne ya sa totuwa ta zama goma, alhali kuwa wurin da take zaune ne ya ba ta daraja.

Wannan tunani, cewa darajar lamba tana ga mazauninta, daga Indiya ya taso. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rubuta littafi a kansa wajen shekara ta 825, kuma ta hanyar fassarar irin waɗannan littattafai ne lambobin suka shiga Turai. Shi ya sa Larabawa ke kiransu lambobin Indiya, Turawa kuma na kiransu lambobin Larabawa. Kalmar sifiri ma Larabci ce, asalin ma'anarta abin da ba kome a cikinsa, kamar tsinkenmu na tsakiya a 302.

A nan ne abin ya shafi ajinmu kai tsaye. Balarabe in zai faɗi 21 sai ya fara da ɗaya, ya ce wahidun wa ishruna, ɗaya da ashirin. Ɗalibin da ya saba rubuta lamba daga hagu, da ya ji wahid sai ya rubuta 1, ya bi shi da 2, ya samu 12. Muna ganin wannan kuskure har a manyan azuzuwa. A allon ƙidaya kuwa ba ya faruwa: wahid ya tafi tsinken dama, ishruna ya tafi na tsakiya, ko da wanne aka fara. A kuma tuna wa yara cewa a lambobin da ke cikin littattafanmu na Larabci biyar ce ke kama da sifirin boko, sifirinsu kuwa ɗigo ne.

Aiki na uku: siffofi da motar kara

A yanka totuwa gunduwa-gunduwa su zama mahaɗa, a soka tsinke a cikinsu. Tsinke huɗu masu tsawo ɗaya da mahaɗa huɗu sun ba da murabba'i. Tsinke uku da mahaɗa uku sun ba da alwatika. A ba yaro duka biyun ya matsa su a hankali da yatsa. Murabba'i zai karkace, alwatika kuwa ba ta motsi. Sa'an nan a gitta tsinke ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa a cikin murabba'in, ya ga ya tsaya cik, don ya zama alwatika biyu. A fita da shi waje a nuna masa katakon rufin gidan da ake ginawa, ko ƙofar langa-langa mai gicciye a bayanta. Abin da kafinta ya sani ke nan. Magina su ma suna da tasu: tsinke mai santimita 9, da mai 12, da mai 15, in aka haɗa bakinsu, kusurwar da ke tsakanin gajerun biyun tana fitowa daidai kamar kusurwar ɗaki. Uku, huɗu, biyar ke nan an ninka sau uku, kuma da igiya mai wannan awo ake daidaita harsashin gini.

Daga nan a tashi akwati: mahaɗa 8, tsinke 12, fuska 6. A tashi dala mai gindin murabba'i: mahaɗa 5, tsinke 8, fuska 5. Kafin a fara kowanne, a sa yaro ya faɗi tsinke nawa zai bukata, ya yanka daidai nan, in ya gaza ko ya yi saura ya nemi inda ya ɓata. Ga 'yan JHS, a ce su tara mahaɗa da fuska su ɗebe tsinke. A akwati 2 za su samu, a dala ma 2. Su gwada da dala mai gindin alwatika su gani. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Leonhard Euler ne ya bayyana wannan a 1750, amma kada a gaya musu sai sun gano da kansu.

Mota ita ce ladan wahala. A ranar da muka fara, mun bar yara biyu su yi gindin mota ɗaya, kowa ya yanko gefe guda mai taƙi biyu. Da aka haɗa sai motar ta fito a karkace, gardama ta tashi, kowa na rantsuwa shi taƙi biyu ya auna. Duka gaskiya suka faɗa, hannun ɗaya ne ya fi na ɗaya. Ba mu taɓa samun hanyar da ta fi wannan sauƙi ba wajen nuna dalilin da ya sa aka yi rula. Bayan nan sai aka koma santimita: dogayen gefe 16, gajeru 8, a tambaye su tsawon karan da zai zagaye gindin duka, su samo 48.

Ƙafafun mota da sakaina ake yi ko tsohon silifa. A kafa ƙusa, a ɗaura zare, a ɗaura fensir a ɗaya bakin, a zagaya, da'ira ta fito. In faɗin ƙafar santimita 7 ne, a naɗa zare a gefenta a auna, za a samu kusan 22. A gwada da murfin tukunya, da bakin bokiti, kullum zagayen ya fi faɗin sau uku da 'yan kai. Jadawalin sau huɗu kuwa a nan yake: mota bakwai ƙafa nawa? In muna da ƙafa 30, mota nawa za su tashi, nawa za su yi saura? Kada kuma a ce wannan aikin maza ne a kori 'yan mata. Wadda ba ta son mota ta yi gadon 'yar tsana ko teburin koko, awon duk ɗaya ne.

Aiki na huɗu: rabi, sulusi, rubu'i

A samo sillen kara, watau dogon nan na can sama, miƙaƙƙe, a yanka guda shida, kowanne santimita 24. Na farko a bar shi sukutum. Na biyu a raba shi biyu, 12 da 12. Na uku kashi uku, takwas-takwas. Na huɗu kashi huɗu, shida-shida. Na biyar kashi shida, huɗu-huɗu. Na ƙarshe kashi takwas, uku-uku. A jera su a ƙasa wani ƙarƙashin wani, bakinsu daidai. Sunayensu muna da su a Hausa, mafi yawa daga Larabci: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni.

Kuskure biyu wannan jeri yake magani. Na farko, yaro yana ganin 1/8 ya fi 1/4 domin takwas ta fi huɗu. A ce masa rake ne, ya zaɓi guntun da yake so, ba zai ɗauki sumuni ba. Na biyu ya fi wannan muni, har manya na yin sa: rabi a tara da sulusi, sai a tara sama a tara ƙasa a ce 2/5. A ɗauki guntun rabi a haɗa bakinsa da na sulusi, tsawonsu 20. Sai a jera guntayen sudusi a ƙarƙashinsu, guda biyar za su cika shi cif. Amsa 5/6 ke nan. Biyu bisa biyar kuwa ko rabi bai kai ba, to yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu?

Ba haka kawai muka zaɓi 24 ba. Tana rabuwa da 2, da 3, da 4, da 6, da 8 ba saura, kuma wanda ya karanci rabon gado ya san ta, don kason nan shida, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, duk suna fita daga cikinta. Ushuri kuwa a koma wa ƙullinmu na farko, a zare tsinke ɗaya daga goma. Haka manomi ke fitar da dami ɗaya cikin goma in amfanin ya kai nisabi kuma ruwan sama ne ya shayar da shi, in kuwa da wahalar ban-ruwa ne, ɗaya cikin ashirin. A tambayi yaro: dami 60, nawa za a fitar a na farko, nawa a na biyu?

Kada a haɗa ayyukan nan huɗu a mako ɗaya. 'Yan shekara biyar da shida ƙirga tsinke da ɗaure ƙulli ya ishe su. Allon ƙidaya da canji na 'yan bakwai zuwa tara ne, kashi-kashi kuma sai daga goma. Rabin sa'a bayan la'asar, sau biyu ko uku a mako, ya fi yini guda cur. Kuma duk abin da aka yi a ƙasa, a rubuta shi a allo nan take da lambobi, gefe da gefe, in ba haka ba yaro zai sake cewa na kara daban, na allo daban.

In an tashi, a zuba totuwa a gwangwanin Milo a rufe saboda ɓera, a rataye ƙulli da dami a sama saboda gara da laima. A kuma sanar da mutanen gida cewa kayan karatu ne. Mu ba mu yi haka ba da farko, sai da dami biyu, tsinke ɗari biyu cif da yara suka yini suna ɗaurewa, suka tafi wajen hura wutar kokon safe.